Saura Mutum Ɗaya

Ran farko a jami'ar Dang
Madam Abbo ta zana akwati biyu a allo,
ta ja kibiya a tsakaninsu.
Wannan mai aikawa, in ji ta, wancan mai karɓa,
abin da ya gitta ya ɓata saƙo kuwa
sunansa hayaniya.
Na rubuta, amma birona ya yi tuntuɓe,
don da hayaniya aka biya mini kuɗin rajista.

Ubana Tanko ɗan kamasho ne a Ngaundare.
Shekara ashirin da shida yana tsaye a bakin mota
tun kafin jirgin Yawunde ya zubar da mutanensa.
Garwa! Marwa! Saura mutum ɗaya!
Ko babu kowa ciki sai tsohuwa da kajinta,
saura mutum ɗaya.
Ya faɗa da Hausa, ya juya da Fulatanci,
in ya hango mai kwat
ya jefa masa guntun Faransanci mai ƙaya.

Da ya tambaye ni me nake karanta, na ce sadarwa.
Washegari ya dawo da wayoyi huɗu a aljihu,
na abokansa, duk ba sa kama layi.

Na koyi riƙe makirfo taƙi guda daga baki.
Na koyi tambayoyin nan: wa, me, ina, yaushe, don me.
Na koyi cewa babban labari shi ake sawa a gaba,
ba a binne mutuwa a ƙarƙashin gaisuwa.
Sha huɗu bisa ashirin na ci a wannan darasi,
na yi ta yawo da takardar har ta yage a ninki.

A shekara ta uku muryarsa ta fara dusashewa
kamar rediyon da batirinsa ya kwana a kunne.
Zuma, citta, kanumfari, ba wanda ya ji kira.
Muka hau babur zuwa asibiti.
Likita ya leƙa, ya sake leƙawa,
ya cire tabarau, ya yi dogon Faransanci:
tsiro ne a maƙogwaro, sai an yanka,
in an yanka murya ba ta dawowa.

Baba ya juyo. Balaraba, me ya ce?
Ke ce mai karatun magana.

Ga akwati a damana, ga akwati a haguna,
ni ce kibiyar.
Na ce, ya ce ka rage ruwan sanyi.

Ba mu hau babur ba a dawowa, ya ce mu taka.
Mun wuce masu gasa masara, mun wuce masu faci,
sai daidai inda ake hango dutsen nan mai cibiya
ya tsaya yana gyara takalmi.
Mutumin ya daɗe yana magana, in ji shi,
ke kika gama a numfashi ɗaya.
'Yata, ni na san muryar mai cewa mota ta cika
alhali kujeru na kallonsa.
Sana'ata ce. Ba ki iya ba tukuna.

A nan na faɗa masa, a bakin kwalta,
babban labarin a gaba, babu gaisuwa.
Ya ce, to. Yanzu kika yi karatu.

Jibi za a yi masa aiki.
Yau da asuba na bi shi tasha da na'urar makaranta,
na riƙe makirfo taƙi guda daga bakinsa.
Minti uku da daƙiƙa tara na samu,
har da tari, har da hon ɗin wata mota.
Malamin ɗakin tace sauti ya saurara,
ya ce ɗauka ta yi kyau,
sai dai a goge hayaniyar.
Na ce a bar mini ita.